Ba Zan Faɗi Suna Ba

Ranar Laraba da yamma Mama Tela ta tsaya a gaban benci goma sha biyu ta ƙirga mata huɗu. Ta sake ƙirgawa har da kanta, suka zama biyar. Shekara tara ke nan tana jan taron addu'ar mata a cocinsu, kuma an yi lokacin da sai an kwaso kujerun roba daga ofishin Fasto kafin kowa ta sami wurin zama. Yau ga fanka tana ta fifita bencin da babu kowa, ga wata tsohuwa mai nauyin kunne tana gyangyaɗi a layin gaba, ga Matar Fasto, ga wasu mata biyu can baya kamar masu jiran a ce a tashi.

Rashin jama'ar ya ɓata mata rai, amma abin da ya fi tsaya mata a wuya shi ne gefen taga, inda ƙanwarta Auta ta saba zama. Uwarsu ta rasu Auta tana 'yar shekara shida, Mama Tela ce ta raine ta, ta sa ta a makaranta, ta ɗinka mata rigar aure da hannunta. Yanzu wata biyu ke nan yarinyar ba ta leƙo taron ba. In an kira ta a waya sai ta ce lafiya lau, aiki ne ya yi mata yawa, ta katse. Lahadin ƙarshe da aka gan ta a coci, mako huɗu da suka wuce, sanye take da rigar da wani telan ya ɗinka. Daga inda Mama Tela ke zaune ta hango kafaɗar rigar a karkace, har aka gama wa'azin ranar ba ta ji kalma ɗaya ba. Tun daga nan ta ƙudura ba za ta taka gidan Auta ba sai yarinyar ta zo da ƙafarta ta yi bayani.

Gaskiya a faɗe ta, Mama Tela ba muguwar mace ba ce. Takan yi azumi saboda matsalar mutanen da ba su haɗa komai da ita ba, kuma babu wanda zai ce ya taɓa ganin ta zaune a inuwa tana cin naman wani. Ta tsani gulma, ta sha yi wa mata faɗa a kanta. Ita dai ƙa'idarta ɗaya ce: addu'ar da ba ta da bayani riga ce da aka yanka ba awo. In za ki roƙi Allah, ki nuna masa inda yake ciwo. Don haka bayan sun yi waƙa biyu, ta rufe ido ta ɗaga hannu.

"Ya Ubanmu na sama, muna kawo maka wata 'yar'uwarmu. Ba zan faɗi suna ba, kai ka san ta. Kai ka san yadda mijinta ya koma shan abin nan tun da aka sallame shi daga gidan mai. Ka san ranar Asabar a bakin ƙofa ya zube, sai da maƙwabcinsu mai gyaran firiji ya kama aka shigar da shi. Ka ga yadda baiwarka ta rame, Uba, inci uku ta sauke a ƙugu cikin wata biyu. Ka dubi tagwayenta."

Amin ɗin da ya taso daga baya bai kai ya ta da tsohuwar ba. Da aka tashi, Matar Fasto ta jira sauran suka fita, sannan ta matso tana murza zoben hannunta.

"Mama Tela, in ba damuwa ina son mu ɗan yi magana."

"Ni ma ina son magana da ke, Mama. Kin ga benci? Matan nan sun yi sanyi. Duniya ta sha musu kai."

"Na zagaya na ji daga bakin wasunsu. Ba sanyi ba ne. Cewa suke yi abin da mace ta faɗa a asirce, kafin Lahadi ya gama zagaye unguwa."

Mama Tela ta dafe ƙirji. "A cikinmu?"

"A cikinmu."

"Ruwa ba ya tsami banza. Dama jikina ya ba ni. Wato akwai wadda mu muna rufe ido ita tana buɗe kunne."

"Abin da nake so mu duba shi ne yadda ake kawo roƙon tun farko, ko da a ce..."

"Mama, ke kin cika haƙuri, shi ya sa. Ki bar ni da ita. Kafin Laraba mai zuwa zan kawo miki ita har ofis."

Matar Fasto ta buɗe baki, ta dubi furfurar da ke leƙowa daga ɗankwalin Mama Tela, ta rufe. Shekararta biyu kacal a cocin, kuma matar da ke gabanta ta isa haihuwarta.

A gida Mama Tela ta tarar da maigidanta a tsakar gida yana kwance wata tsohuwar rediyo, aikin da ya sa wa kansa tun da ya yi ritaya, ba don rediyon ta taɓa yin magana ba. Ko jakarta ba ta ajiye ba ta zayyana masa komai.

"Akwai magulmaciya a cikinmu, Baban yara. Ita ta watsa mini taro. Ina jin ita ce ma ta hure wa Auta kunne."

"To," in ji shi, yana neman ƙusa a ƙasa. "Kin duba ko'ina?"

"Zan duba."

"Har cikin gida?"

"Wa ke gidan nan in ba ni da kai ba? Kai kuwa ba ka zuwa taron mata."

"Haka ne. Ni dai tun ranar da mata uku suka tare ni a ƙofar coci suna yi mini sannu da basir, ban sake yin ciwo ba."

"Ai ka gani. Addu'a ce ta yi aiki."

Ya ɗago ya dube ta ta saman tabarau, ya ce wa rediyon, "Gwano dai ba ya jin warin jikinsa." Ita kuwa ta riga ta shige ɗaki tana jera sunaye a ranta.

Washegari ta buɗe shago da niyyar bincike. Shagon ɗaki ɗaya ne a bakin titi, da keken ɗinki biyu, da teburin yanka mai alli da almakashi a kai, da labule a lungu inda ake awo. A bayan labulen nan ne shekara da shekaru mata ke sauke mata abin da ke cikinsu. Mace ta ɗaga hannu a zagaya mata tef, sai hawaye su zo, sai magana ta biyo. Wadda ba ta faɗa ba ma tef ɗin yakan faɗa: wannan ta sami ciki, waccan ba ta cin abinci. Mama Tela takan saurara, ta share musu hawaye da ƙyallen yadi, ta ce, "Kada ki damu, zan sa ki a addu'a." Kuma ba ta taɓa saɓa wannan alkawarin ba.

Yanzu da ta sa ido sai ta lura labulen ya yi shiru. Ta farko da ta zo ranar ta yi ta zancen zafin gari har aka gama awo. Ta biyu da aka tambaye ta mutan gida ta ce, "Kowa lafiya, har kaji." Ta uku kuwa, wata malamar makaranta da Mama Tela ta yi wa ɗinki tun tana budurwa, miƙo mata takarda ta yi.

"Mene ne wannan?"

"Awona ne, Mama. Na gwada a gida, don kada in ɓata miki lokaci."

Shekara talatin tana riƙe da tef, yau an kawo mata awo a rubuce kamar takardar magani. Ta karɓa, amma bayan fitar malamar ta taka keke da ƙarfin da ya karya allura. Duk wannan aikin mutum ɗaya ne, kuma kafin la'asar ta gama yanke hukuncin ko wace ce. Wa ke zaune da kawunan mata a tsakanin gwiwoyinta tun safe har yamma? Wa ke zama kusa da ƙofa a taron addu'a, ta riga kowa fita? Biri ya yi kama da mutum.

Da safiyar Juma'a ta tsallaka titi zuwa shagon Mai Kitso. Ta same ta a kan kujerarta, tsinken tsaga a baki, wata mata zaune a ƙasa an yi mata rabin kai.

"A'a, Mama Tela, yau ke ce a shagonmu? Sannu da zuwa. Ga kujera."

"Ba zama ya kawo ni ba. Na zo ne in yi miki magana cikin ƙauna, kamar 'yar'uwa."

Duk wanda ya san coci ya san in an ce za a yi maka magana cikin ƙauna, gara ka gyara zama. Mai Kitso ta cire tsinken daga bakinta.

Mama Tela ta yi mata wa'azi mai kyau a kan harshe. Ta ce baki shi ke yanka wuya, ta ce magana zarar bunu ce. Ta ce saboda bakin mutum ɗaya taron da ya yi shekara tara ya watse, 'yan'uwa sun daina yarda da juna, har ƙanwar da ta raina da hannunta ta juya mata baya. Ta ce ƙofar tuba a buɗe take.

Mai Kitso ta saurara har ƙarshe, hannunta bai bar kan matar ba.

"Mama, ba zan yi miki musu ba. Ni mai surutu ce. Kowace safiya ina roƙon Allah ya kama mini bakin nan, kafin ƙarfe goma ya kuɓuce. Na san halina, kuma ina jin kunyarsa. Amma ki tambaye ni a ina nake samo labarin."

"Ina ruwana da inda kike samowa?"

"Maganar matar wanda aka sallama daga gidan mai, jiya aka kawo mini ita nan, daga taron Laraba. Maganar 'yar malamar makaranta da aka kora daga aiki, a taron na ji da kunnena. Basir ɗin Baba ma a can na ji. Duk daga baki ɗaya."

"Ni ban taɓa faɗin sunan kowa ba."

"Mama, tagwaye nawa ne a cocinmu? Ni in na faɗa, na san gulma nake yi, in na koma gida raina ya dame ni. Ke kuwa idonki a rufe, hannunki a sama, mu kuma mu ce amin."

Matar da ake yi wa kitso ta sunkuyar da kai fiye da yadda kitson ke buƙata. Mama Tela ta ji jini ya hau mata ka. Wai ita, ita da gwiwarta ta yi kanta saboda durƙuso, ita za a haɗa da mai kitso a kwano ɗaya?

"Ashe abin naki ya kai ki kira addu'a gulma. Allah ya gafarta miki."

"Amin, Mama. Mu duka."

Ta koma shago tana huci. Ta ɗinka hannun riga a baibai, ta farke, ta sake ɗinkawa a baibai. Kafin azahar ta ja ƙofa ta kulle. Mutum ɗaya ce a duniya ta san zuciyarta ciki da waje, kuma yau za ta ajiye girman ta je ta same ta. Auta za ta ji abin da aka yi wa yayarta a gaban baƙuwa, sannan ta yi bayanin waccan karkatacciyar rigar.

Auta da mijinta, wani mai walda, suna haya a hawa na biyu na wani gida mai matsattsen bene. Mama Tela ta hau tana haki tana maimaita abin da za ta faɗa. A bakin ƙofa ta ga takalmin da ta sani, kafin ta tuna na wane ne aka buɗe. Matar Fasto ce, ta ɗaura zani a kan rigarta, hannunta duk kumfar sabulu.

Mama Tela ta dube ta da mamaki.

"Mama, me kike yi a nan?"

"Shigo, Mama Tela," in ji Matar Fasto a hankali. "Bari in gaya mata kin zo."

Ta shige ɗakin kwana ta ja ƙofa, ta bar Mama Tela a falo kamar mai tallar sabulu. A gidan ƙanwarta, yau sai an nemo mata izini. Tana tsaye tana cika tana batsewa idonta ya faɗa kan wata takarda da aka manna a ƙofar kicin. An ja mata layi, kwanakin mako a gefe ɗaya, sunayen mata a ɗaya gefen: mai dafa abinci, mai wanki, mai kai yara makaranta, mai zama da Auta in mijinta ya tafi aiki. Ta san kowane suna. Su ne matan da ta ce sun yi sanyi. Laraba da yamma kaɗai mutum shida ne, an rubuta addu'a a gabansu. Kuma a layin Litinin da na Alhamis, har sau uku-uku, ga sunan Mai Kitso.

Wato mako uku ke nan rabin cocin na hawa wannan benen suna sauka. Matar da kafin ƙarfe goma bakinta ke kuɓucewa ta riƙe wannan sirri mako uku cur, shagonsu na kallon juna.

"Ta ce ki shigo," in ji Matar Fasto daga ƙofar ɗakin.

Auta na kwance an tallafe ta da matashi biyu. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma idon tela ya fi na kowa. Wuyan yarinyar ya zurma, zoben aurenta na yawo a yatsa, rigar barcin ta ɗan tashi a ciki inda aka naɗe da bandeji. Duk faɗan da Mama Tela ta hau bene da shi ya zube. Tsoro ya kama ta, sai kuma ɓacin rai ya dawo ya hau kan tsoron, don ita ta fi sanin yadda ake riƙe ɓacin rai.

"Auta. Aiki aka yi miki?"

"Eh, Yaya."

"Yaushe?"

"Mako uku jiya."

"Mako uku. An yanka ki, an ɗinke ki, gari duk ya sani, ni da na share miki majina ina can ina ƙirga benci. Wa ya hana a gaya mini?"

"Ni ce. Ni na roƙe su ɗaya bayan ɗaya."

"Baban yara ma ya sani?"

"Shi ya kai mu asibiti."

Mama Tela ta nemi bakin gado ta zauna. "Rigar nan da kika kai wa wani telan fa?"

"Na rame ne, kayana suka yi mini yawa. In na zo wurinki, tef ɗinki zai gaya miki."

"To sai me in ya gaya mini? Ni maƙiyarki ce? Da na sani ai da na..."

"Da kin sa ni a addu'a," in ji Auta.

Matar Fasto ta fita ta ja musu ƙofa. Auta ta ɗan gyara kwanciya tana cije leɓe.

"Yaya, kin tuna shekara biyu da suka wuce, da cikina ya zube? Ke kaɗai na gaya wa. Ko uwar mijina ba ta san ina da shi ba, muna jira ya yi ƙwari. Ranar Laraba ina kwance a nan, ke kina can kina cewa wata 'yar'uwa, ba za ki faɗi suna ba, wadda kika raina da hannunki tun tana 'yar shekara shida. Uwar mijina a kasuwa ta ji. Har yau ba ta yafe mini ba. Mako biyu mata suna shigowa da shawara, wata ta ce aiki na cika yi, wata ta tambaye ni ko akwai zunubin da ban tuba ba."

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Ta ina zan fara? Ke kika raine ni."

"Addu'a na yi miki, Auta. Kwana uku ban ci ba ban sha ba saboda ke."

"Na sani. Da zuciya ɗaya kika yi, shi ya sa ma abin ya fi wuyar faɗa. Amma da kika faɗi wata nawa cikin, da asibitin da aka kai ni, da abin da likita ya ce, wa kike gaya wa? Allah ai yana ɗakin lokacin da likitan ya faɗa."

Abin da ya faɗo wa Mama Tela a rai shi ne yadda coci ke yin tsit in ta kai wurin da ya fi nauyi, yadda amin ke tashi da ƙarfi, da daɗin da take ji a ƙirji a lokacin. Ta tuna yadda in mace ta yi kuka a bayan labule ranar Litinin, takan ƙagara Laraba ta yi. Shekara tara tana kiran wannan ƙagara nauyin da Ubangiji ya ɗora mata. Nauyin yana nan, ba ƙarya ba ne, amma akwai wani abu da ya daɗe yana zaune a gefensa, kuma kowa ya gan shi, har mai kitso, har mai gyaran rediyon da ba ta magana, ban da ita. Kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa.

Sannan ta kama hannun Auta, ta tambayi abin da ke cin ta tun da ta shigo.

"Me likita ya ce? Mene ne suka cire? Zai dawo?"

"Ba zan gaya miki ba, Yaya."

"Auta."

"Ba yanzu ba. Ina sonki, amma ba zan gaya miki ba."

Abin ya yi mata zafi, ta buɗe baki za ta ce ai yanzu ta gane, ai an wuce wurin. Sai ta ji wani abu da ya sa ta rufe bakin. Tun da ta zauna a bakin gadon nan, a can bayan kanta, ana ta jera magana ba da izininta ba. Wata 'yar'uwa da aka yi wa aiki a ciki, mako uku ke nan, ka ga yadda zobe ke yawo a yatsarta, Uba. Har ta san inda za ta ɗan dakata don amin ya shigo. Ƙanwarta na kwance a gabanta da ciki a ɗinke, kunyar da ta ji ko hucewa ba ta yi ba, amma injin jera maganar bai tsaya ba. Takaicin da ta kwana biyu tana rabawa mutane ya juyo gaba ɗaya ya sauka a kanta.

"Kin yi daidai," ta ce, muryarta a dushe. "Ki yafe mini, Auta. Na cuce ki, kuma ina tsammanin alheri nake yi."

"Na yafe tun tuni. Yarda ce ba ta dawowa da sauri."

"Zan iya yi miki addu'a?"

"Ki yi. A nan, ni da ke."

Ta durƙusa a gefen gadon. Ba ta san sunan ciwon ba, ba ta san abin da ke gaba ba, kuma sai ta ga ashe ba ta iya roƙo ba in babu labari. Ta daɗe tana neman ta inda za ta kama. Daga ƙarshe ta ce Ubangiji ya ji tausayinsu su biyun, ya warkar da kowa daga abin da ke damunta, cikin sunan Yesu. Auta ta ce amin, ta bar hannunta a cikin na yayarta har barci ya fara ɗaukarta.

Matar Fasto ta turo ƙofa a hankali, ta shigo da kofin ruwa.

"Mama, a sa ni a waccan takardar," in ji Mama Tela ƙasa-ƙasa. "Wanki, shara, ko mene ne."

"Laraba da yamma," in ji Auta ba tare da ta buɗe ido ba. "Matan su koma coci su yi addu'arsu. Ke ki zauna da ni."

"To wa zai ja taron?"

"Za a samu," in ji Matar Fasto.

Shekara tara, kuma wai za a samu, kamar ana maganar mai share benci. Mama Tela ta haɗiye abin da ya taso mata, ya wuce da ƙyar.

"To," ta ce.

Matar Fasto ta ajiye kofin ta juya za ta koma wurin wanke-wanke. A kan ɗan teburin da ke gefen gado, ƙarƙashin kwalaben magani, akwai farar takarda mai hatimin asibiti, an ninke ta biyu, gefe ɗaya ya ɗan buɗe. Auta ta yi barci. Mama Tela ta lura tun ɗazu idonta ke komawa wurin, kuma tabaraunta na cikin jaka, jakar na kan cinyarta.

"Mama," ta kira ta da raɗa.

Matar Fasto ta waiwayo.

"Ɗauke takardar nan ki fita da ita. Ki ajiye ta inda ban sani ba, kuma ko na tambaye ki kada ki gaya mini."